Mahaya Babura Cikin Kwat da Nakatai

A 2012 ne Mark Hawwa ya fara wani hawan babura a birnin Sidni na Ostireliya, mai suna Distinguished Gentleman's Ride, wanda yanzu ya bazu ƙasashe da dama. Sau ɗaya a shekara mahaya kan caɓa ado da kwat da nakatai, sai ka ce angwaye, su hau babura samfurin da, su ratsa gari a tsanake. Ba tsere ake ba. Gudummawar da suka tara takan tafi ga binciken kansar mafitsara ta maza da lafiyar ƙwaƙwalwarsu.

Wasu sun ce gayu ne kawai. To, ko da gayun ne, tunda yana sa magidanci ya faɗi ciwon da yake jin kunyar ambata, ni dai na ce a bar su su hau.