Wakilin Suna a Turanci

Yau za mu yi magana a kan waɗansu 'yan ƙananan kalmomi na Turanci da ake kira wakilin suna.

Kowa ya san in hakimi zai yi tafiya yakan bar wakili ya tsaya masa. To, haka nan suna yake da wakili. Ba mu cewa, "Audu ya sayi goro, Audu ya kai wa uwar Audu." Sai mu ce, "Audu ya sayi goro, ya kai wa uwarsa."

A Hausa muna da guda 8: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Turawa suna da 7: I, you, he, she, it, we, they. I shi ne ni, ana faɗinsa "ai", kuma kullum da babban harafi ake rubuta shi. We mu ne, they kuwa su.

Abu na fari da za mu lura, shi ne she. In Bature ya faɗe shi, kunnenmu "shi" yake ji, sai mu zaci namiji ake nufi. Alhali she mace ce, watau ita. Namiji he ne, ana faɗinsa "hi". Kada mu raina wannan kuskure. A ce miji da mata sun je gaban shari'a, mai shaida yana so ya ce mijin ne ya karɓi kuɗi, sai ya ce she. Ashe ya ɗora wa matar laifin da ba nata ba.

Na biyu, you. Mu mukan ce wa namiji kai, mace ke, jama'a ku. Har dattijo guda mukan ce masa ku don girmamawa. Turanci ba ya rarrabewa: yaro you, tsohuwa you, taron mutum 100 you, har sarki you. Saboda haka in ɗanmu ya ce mana you, ba rashin kunya ya yi ba.

Na uku, it. A wurinmu kowane abu ko namiji ne ko mace. Riga ita ce, wando shi ne, rana ta fito, wata ya tsaya. Turawa sun bar he da she yawanci ga mutane. Fartanya, da keke, da wasiƙa, da gida, duk it ne.

Na huɗu, wakilin yakan sāke kama in a kansa aikin ya faɗa. I ya koma me, he ya koma him, she ta koma her, we ya koma us, they ya koma them. "I paid him" shi ne na biya shi. "He paid me" kuwa ya biya ni. In takardar bashi ce aka ba mu mu sa hannu, sai mu duba da kyau wa ya biya wa.

Saura guda. Mu mukan ce "Audu ya zo", ga suna ga wakilinsa tare. Turanci ba ya yarda da haka. In hakimi yana zaune, wakili ba shi da aiki. Sai mu ce "Audu came", ba "Audu he came" ba.

To, ga aikin da za mu yi kafin haɗuwa ta gaba. Kowa ya rubuta sunayen mutum 5 na gidansa, da kaya 5 na ɗakinsa. Gaban kowane suna ya sa he, ko she, ko it. Wanda ya rikice ya tambayi maƙwabcinsa, gama mai tambaya ba ya ɓata.

Allah ya ƙara mana sani, amin.