Sana'ar Gyaran Tsofaffin Gidaje da Ba da Su Haya a Birni: Jawabin da Aka Gabatar a Babban Taron Ƙungiya na Shekara

 

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi mu yi magana a kan shawarar da ke gaban ƙungiya, wato a ɗauki wani kaso daga asusunmu a sayi tsohon bene a Kano, a gyara shi, a zuba 'yan haya, domin abin da ya fito ya riƙa tallafa wa karatun yaranmu. Mu dai malaman makaranta ne, alli da allo muka sani tun daga kwalejin horon malamai. Amma da muka ajiye aiki, mu huɗu muka haɗa kuɗin sallamarmu muka shiga wannan sana'a, kuma abin da muka gani a cikinta, daɗi da wuya, shi za mu shimfiɗa muku.

Da farko dai, kafin a dubi bango a dubi takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, saboda haka abin da mutum ke riƙewa a birni shi ne takardar shaidar mallaka, wadda ta gidan zama galibi ta shekara 99 ce, kuma sauya sunan mai ita sai da amincewar gwamna. Wajibi ne a je ofishin filaye a bincika ko sunan mai sayarwa ne a kanta, da kuma ko an jinginar da ita a banki. Yawancin tsofaffin gidajen da ke fitowa kasuwa na gado ne. Gidan farko da muka saya, magada bakwai suka sa hannu, ashe akwai ta takwas tana aure a wani gari. Sai da muka kusa shekara biyu muna zarya a kotu, ba fenti ba ɗan haya, kafin aka sasanta. Ita ce mai gaskiya, mu ne muka yi garaje.

Na biyu, maganar gyara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a wannan sana'a ba karin magana ba ce kawai, abu ne da za a gani da ido. A ɗauki injiniya mai rajista ya duba tushen gini da ginshiƙai da rodin da ke cikinsu kafin a biya ko kwabo. Idan aka fara aiki, a bi shi daki-daki: rufi da indararo tukuna domin damina ba ta jiran kowa, sannan magudanar ruwa da masai, sannan wayoyin wuta da bututun famfo. Shafe da fenti su ne na ƙarshe. Wanda ya fara da fenti ya yi wa mara lafiya kwalliya ne. Kada kuma kwaɗayi ya sa a ɗora sabon hawa a kan tushen da ba a yi shi domin haka ba, ko a taɓa tsarin gini ba tare da izinin hukumar tsara birane ba, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Ba mu manta da bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamba na 2021 ba, inda fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu. Duk wanda ya zuba iyalai a cikin gini, amanar rayuka ya ɗauka.

Na uku, bari mu koma aji mu yi lissafi. A ce sayen gida da gyaransa sun ci naira miliyan 60, kuma an fitar da sassa 6, kowane ana biyan naira 600,000 a shekara. Jimla ta kama 3,600,000. A ware kashi ɗaya cikin biyar domin gyare-gyare, wato 720,000. A ce sashe ɗaya ya yi wata shida babu kowa a ciki, an rasa 300,000. Abin da ya rage 2,580,000 ne, tun ba a cire la'adar dillali da haraji ba. Ke nan uwar kuɗi ba za ta dawo ba sai bayan fiye da shekara 23. Gaskiya ne darajar gida tana hawa, kuɗin haya ma yakan ƙaru, amma kayan gini ba sa tsayawa su jira shi. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, mun ga buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Don haka mai neman ribar gaggawa ya nemi wata sana'ar.

Na huɗu, zama da 'yan haya. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a fayyace wa ke gyara me, a ba da rasit ga kowane biya. A sa wa kowane sashe mitarsa mai kati, domin rabon kuɗin wuta ya raba zumunci a gidaje da yawa. Idan zama ya ƙi, doka a jihohi da dama ta tanadi sanarwar wata shida ga mai biyan shekara-shekara, idan yarjejeniya ba ta ce wani abu dabam ba, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Cire ƙofa ko kwance kwanon rufi a kan magidanci da iyalinsa zalunci ne, kuma ya saɓa wa doka. Mun zauna a gidajen haya shekaru da dama muna kan ƙaramin albashi, mun san yadda gaban mutum ke faɗuwa idan ya ji sallamar mai gida. Ɗan haya mai biya a kan lokaci, mai kula da gida kamar nasa, ya fi ƙarin haya da zai kore shi.

Daga ƙarshe, ga shawararmu ga ƙungiya. Idan za a shiga, a sayi gidan da sunan ƙungiya kamar yadda take a rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, ba da sunan shugaba ko wani attajiri daga cikinmu ba, domin shugabanci na wucewa, magada kuma ba su san alkawarin baka ba. A buɗe wa gidan asusunsa na dabam, a riƙa karanta shiga da fitarsa a wannan taro kowace shekara. Sannan mu amince tun yau cewa ɗan gari ma zai biya haya cif-cif kamar kowa, in ba haka ba kuɗin karatun marayunmu ne zai tafi a kunya da kara.

Allah ya yi mana jagora, ya ɗaukaka wannan gari namu.