Jawabi bisa koya wa ƙananan yara zane da launi



Maganarmu bisa ɗiyanmu ce 'yan shekara 3 zuwa 5, waɗanda ba su isa shiga lakwal ba. Muna roƙon ƙungiya ta yarda mu riƙa tara su a rumfa sau 2 a sati, mu ba su launi su yi zane. Mun ji wasu dattawa na cewa wanga ɓata tufafi ne kawai. Tufafi kam za su ɓaci, shi ya sa a sa musu tsohuwar riga.

Mu da ke karantarwa a ajin farko mun san yaron da bai taɓa zane ba: hannunsa ya ƙage bisa alli, yana jira mushe ya yi, shi kuma ya kwafa. Wanga jira shi ne ke damunmu. Wani malami na Faransa, Georges-Henri Luquet, ya wallafa littafi bisa zanen yara a 1927, ya nuna ƙaramin yaro na zana abin da ya sani ne, ko da ido bai ganinsa. Zai zana rumbu, ya sa hatsin a ciki kamar bango ya tsage. Zai zana mutum, kai da ƙafafu kaɗai. Hankalinsa ne ke aiki hakanan. In babba ya kama masa hannu ya ce "ba haka ba", gobe sai ya ce bai iya. Ku dai tambaye shi: "Mine ne wanga?" Za ku sha labari.

Launi ba sai an saya a kanti ba. Gawayi da ƙaro su ba mu baƙi, kamar tawadar malamai. Ga jan ƙasa da farar ƙasa, ga karan dafi da dukawa ke rina fata, ga shuni, ga gangamau mai ɗorawa. Asuwaki da anka tauna ya isa abin shafawa, ko gashin kaza, ko yatsa.

Wasu sun yi tambaya bisa zanen mai rai. Wanga magana ta liman ce, za mu saurare shi. Amma wanda ya ga zayyanar allon sauka, ko bangayen unguwar Birni a Damagaram, ko zanen ƙwarya, ya san aikin launi gadonmu ne, kuma ya ishi yaro wasa.

Takarda ita ce ta yi mana wuya. 'Yan'uwa na Abijan, Legas da Yamai, kwali da takardar buhun siminti da kuke gani a zube, ku ɗaure mana su cikin kaya. Muna kuma neman iyaye mata 2 da za su zauna tare da mu ranar zane, don kar ƙananan su kai launi baki. Mai so ta ba da sunanta wurin magatakardan ƙungiya bayan taro.