Watan Uku na Ciki: Kada Kunya Ta Hana Mu Awo

Malamai, iyayenmu mata, ungozomomi da ɗaliban lafiya na nan Gadarif, na gode da kuka amsa gayyata.

Maganata a yau kan makonni huɗu ce, daga na 10 zuwa na 13, idan an ƙirga daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. A lokacin nan ba wanda zai kalli mace ya ce tana da juna biyu, amma a mahaifa an riga an aza harsashin dukkan manyan gaɓoɓi. Zuciyar ɗan tayi tana bugawa kusan sau 170 a minti. Yatsu sun rabu, farce ya fara tsirowa, ƙoda ta soma yin fitsari. A mako na 12 tsawonsa daga ka zuwa mazaunai bai wuce santimita 6 ba. Yana motsi, sai dai uwa ba za ta ji ba sai tsakanin mako na 16 da na 20. A watan ukun nan ne kuma mabiyiya ke karɓar aikin samar da sinadaran da ke riƙe ciki.

Ita kuwa uwa, laulayi yakan yi tsanani wajen mako na 9, ya fara sassauci daga na 12. Ga kasala, ga yawan fitsari, ga nauyin nono. Jininta yana ƙaruwa, amma ruwansa ya fi ƙwayoyinsa saurin yawa. Shi ya sa macen da ta shiga ciki da ƙarancin jini take ƙara galabaita.

Mu a Gadarif wannan ya shafe mu kai tsaye. Damina tana kawo sauro, zazzaɓin cizon sauro kuwa yana cinye jini, yana iya jawo ɓari. Kala-azar ma tsohuwar cuta ce a jihar nan. Da kaka, mata da yawa suna gonakin riɗi da dawa da ƙaramin ciki, ba wanda ya sani balle ya rage musu aiki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, asibitoci sun cika da 'yan'uwanmu da suka yi gudun hijira, wannan ma ya sa wasu ke ɗage zuwa awo.

Amma babban dalilin jinkiri a gidajenmu yake. Kunyar cikin fari tarbiyya ce, ba na rainata. Sai dai yawancin ɓari a watanni ukun farko yake faruwa, daidai lokacin da yarinya ke ɓoye wa surukarta. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas, na farko kafin a wuce mako na 12. A nan ake auna jini da hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini da folik asid na kullum.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa saurin ganewa. In kun ga alama, ku kai yarinyar awo da kanku, ba sai ta furta ba. Ku hana ta jiƙe-jiƙe da maganin da ba a rubuta mata ba. Maigida, sayen gidan sauro da kuɗin mota wajibinka ne. Zubar jini, zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ko aman da ke hana ruwa zama a ciki, duk ba a kwana da su a gida.

Allah Ya sauki matanmu lafiya.