JERIN ZAƁI A WAYA: A TSARA SHI YADDA TALAKA ZAI GANE

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa, masanin aikin kwamfuta, ya yi wa taron 'yan Arewa mazauna Ikko. Mun buga shi domin amfanin masu karatunmu na nan Kurmi.



An nemi in yi magana a kan wani abu wanda kusan kowa a cikinmu yake taɓawa kullum, watau jerin zaɓin nan da yakan fito a fuskar waya ko injin ciro kuɗi: danna 1 ka aika kuɗi, danna 2 ka sayi kati, danna 3 ka ga abin da ya rage maka. Ina so ku sani jerin nan bai faɗo daga sama ba. Mutum ne ya zauna a ofis ya tsara shi, ya ce wannan ya zo farko, wancan ya koma ƙarshe. Saboda haka in ka ɓata a cikinsa, kada ka yi saurin cewa rashin ilminka ne. Sau da yawa laifin mai tsarawa ne.

Maganar nan ta shafe mu fiye da kowa. Mu ne muka baro iyali a Sakkwato da Katsina da Kano, ta wayar nan kuma kuɗin cefane da na magani suke isa gida. Kun tuna farkon shekarar 2023, lokacin da aka sake takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, har mai shayi da mai gyaran takalmi ya zama dole su karɓi kuɗi ta waya. A kwanakin nan na ga wani dattijo mai sayar da albasa ya miƙa wa wani yaro wayarsa, ya kuma gaya masa lambarsa ta sirri, don kawai ya kasa gane inda aka ɓoye wurin aika kuɗi. Jerin da ya tilasta wa dattijo ya tona asirinsa ga yaron da bai sani ba, lalle bai yi aikinsa ba.

To, yaya ake tsara jeri mai kyau? Ku da kuke kasuwa kun riga kun san ka'ida ta farko. Mai tireda ba ya sa ashana da sukari a ƙarƙashin tebur. Abin da aka fi nema shi ne a gaba. Haka nan ya kamata abin da mutane suka fi bukata ya zo a lamba ta ɗaya, ba abin da kamfani ya fi son ya sayar ba. In ka ga rance ya hau saman jeri, aika kuɗi kuwa ya koma ƙasa, ka san don wa aka yi tsarin.

Ta biyu, a haɗa kowane abu da danginsa, kamar yadda a kasuwar Mil 12 'yan tumatir suke gefe guda, 'yan doya suke nasu gefen. Amma a nan akwai wuya. A shekarar 1952 wani masani na Ingila, William Hick, ya nuna cewa in abubuwan zaɓi suka yi yawa, lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya yanke shawara yakan ƙaru, sai dai ƙaruwar ba ninki-ninki ba ce. Wasu masu tsarawa sun riƙe rabin maganar sun bar rabi, sai suka rage zaɓin kowane shafi, suka yi ta haƙa ɗaki a cikin ɗaki, har mutum ya wuce ƙofa shida kafin ya kai ga bukatarsa. A jerin nan da muke kira da tauraro da lamba, shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da haruffa 182, layin kuma yakan yanke in ka yi jinkiri. A shekarar 2021 aka sa naira 6 da kwabo 98 a kan shiga harkar banki ta wannan hanya. Ashe kuwa duk ƙofar da aka ƙara ba bisa dalili ba, mai karatu a hankali ne zai biya kuɗinta, domin shi ne layi zai yanke wa ya sake farawa.

Ta uku, kada a riƙa sauya wa abu wuri. Da yawa daga cikinmu ba karanta jerin muke yi ba, haddace shi muka yi: ɗaya, sa'an nan biyu, sa'an nan lambar asusu. Ranar da aka mai da biyu ta koma uku, hannu zai bi tsohuwar hanya. Manyan kamfanoni ma sun sha wannan darasi. Microsoft ya taɓa yin jerin da yake ɓoye abin da ba ka cika amfani da shi ba a cikin Office 2000, mutane suka rasa inda kayansu suka shiga, daga baya aka watsar da dabarar a Office 2007. A nan gida kuwa hukumar sadarwa ta NCC ta yi abin yabo a shekarar 2023, da ta sa dukan kamfanonin waya su yi amfani da lamba iri ɗaya: 310 don duba sauran kuɗi, 311 don sa kati, 312 don sayen data.

Ta huɗu ita ce kalma. Shekara da shekaru ana yi wa Windows 95 dariya, domin in kana so ka kashe kwamfuta sai ka fara danna maɓallin da sunansa yake nufin farawa. In Turawa sun yi tuntuɓe haka a cikin harshensu, ina ga wanda aka fassara wa? Ba ya isa a ɗauki jerin Turanci a juya shi kalma-kalma zuwa Hausa. In an rubuta "ajiya", wane abu ake nufi, zuba kuɗi ko kuwa irin asusun? In an ce "tura" a wannan shafi, kada a ce "aika" a na gaba, don kada mutum ya zaci aiki biyu ne. Maganin wannan kuwa shi ne a kai jerin tasha da kasuwa, a ba direba da mai kayan miya su gwada, mai tsarawa ya yi shiru ya duba inda suka tsaya.

Ta biyar, wadda ta fi duka nauyi, a bar wa mutum hanyar komawa baya. Kowane shafi ya kasance da lambar komawa, ita ma kada ta sauya. Abin da ba ya warwaruwa kuma, kamar fitar da kuɗi ko cin bashi, a nisanta shi da sauran, a kuma nuna maka sunan wanda zai karɓa da yawan kuɗin kafin a nemi lambarka ta sirri.

'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina roƙon shugabannin unguwanninmu, daga Agege da Idi-Araba har Sabo ta Badun, su tattara wuraren da jama'a suke ɓata a cikin jerin nan, a rubuta, a miƙa wa bankuna da kamfanonin waya. Wakilanmu na majalisa kuma su nemi Babban Bankin Nijeriya ya sa bankuna su daidaita jerinsu kamar yadda aka daidaita lambobin waya, a kuma ba mutum damar zaɓen harshensa tun daga shafin farko. Samarinmu masu koyon aikin manhaja, in aiki ya zo hannunku, ku tuna da iyayenku.

Kafin a yi wannan gyara, ku riƙe abu biyu. Kada ku ba kowa lambarku ta sirri, ko da ya ce taimako zai yi. Kada kuma ku danna amincewa sai kun ga sunan wanda kuke nufi, ko wani amintacce ya karanta muku shi.

Allah ya tsare mana guminmu, ya mai da mu gida lafiya.