Daɗewa a Kujera da Nauyin Kujera



Sau da yawa akan auna shugaban majalisa da yawan shekarun da ya yi bisa kujera. Wannan mudu kuwa yana da ha'inci, kamar yadda tarihin mutum biyu zai nuna.

Na farko shi ne Zhu De na ƙasar Sin, wanda aka haifa a 1886. Shi ne babban kwamandan rundunar da ta kai Mao Zedong ga mulki a 1949. Ya shugabanci zaunannen kwamitin Majalisar Wakilan Jama'a tun daga 1959 har rasuwarsa a 1976, watau shekara 17. Amma daga 1965 zuwa 1975 majalisar ba ta yi babban zama ba ko sau ɗaya, domin guguwar Juyin Al'adu ta share ta. Ga girma, ga furfura, amma iko yana wani wuri.

Na biyu ɗan cikin birnin Kano ne, Alhaji Ghali Umar Na'Abba, wanda aka haifa a 1958, ya karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a Yulin 1999, bayan Salisu Buhari ya sauka saboda takardun jabu. Shekara huɗu ma bai cika ba. Duk da haka, a 2000 Majalisar Tarayya ta zartar da dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja-Delta ba tare da sa hannun Shugaba Obasanjo ba. A Agustan 2002 kuma, Majalisar Wakilai ta ba Shugaban mako biyu ya yi murabus ko a tsige shi. Ba a tsige shi ba, Na'Abba kuwa ya rasa kujerarsa a zaɓen 2003. Allah ya yi masa rasuwa ran 27 ga Disamba, 2023.

Kada a manta, kowannensu da irin ƙasar da ya shuka a kai: Sin jam'iyya ɗaya ke mulki, Nijeriya kuwa tsarin mulkinta ya raba iko gida uku. Amma iko na takarda ba ya motsi sai an sami mai motsa shi, shi kuwa yakan biya da kujerarsa. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ma'aikacin da ke lissafin shekarunsa a ofis, sai ya fara da lissafin ranakun da ya ce a'a.