WANDA YA TSIRA DA FIRGICI BA MAHAUKACI BA NE

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da Malam ya gabatar ga 'yan'uwa Musulmi a garin Zugu bayan Sallar La'asar.

Bayan ya yabi Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da tuna wa jama'a jarrabawar da ta sami wannan yanki. Ya ce a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da Yargalma a ƙasar Bukkuyum. A watan Janairun 2022 kuma 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda mazauna suka ce an kashe kimanin mutum 200. Ya ce matattu an yi masu sutura, to amma waɗanda suka tsira fa, wa ya waiwaye su?

Malam ya ce akwai ɗan'uwan da in ya ji ƙarar babur sai gabansa ya faɗi. Akwai wadda ba ta barci sai ta zabura da ihu. Akwai wanda ya daina zuwa gona, ya daina magana, ko fushi ya yi masa yawa. Maimakon a jawo su a jiki, sai a laƙa masu suna. Wannan a ce ya taɓu, wannan a ce aljanu ne, wancan a ce imaninsa ne ya yi rauni. Wadda aka karɓo daga daji kuwa, sai a riƙa nuna ta da baki. Ya ce azzalumai sun zalunce su, hukuma ta kasa kare su, mu kuma mun ƙarasa su da harshe.

Ya ce baƙin ciki ba rashin imani ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi jimamin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Manzon Allah (S) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ma, Shekarar Baƙin Ciki ake ce mata. To wane ne ya fi waɗannan imani?

Malam ya ƙara da cewa likitoci sun san wannan firgici da ke bin tashin hankali, kuma ana magance shi. Sunan da likita ya ba ciwo don neman magani ne, ba laƙabi ba ne da za a riƙa kiran mutum da shi a kasuwa. Wanda ya daina cin abinci ko yake maganar halaka kansa, a gaggauta kai shi asibiti. Akwai na Tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware, Jihar Sakkwato. Addu'a da magani ba sa karo. Ɗaure mutum da mari kuwa zalunci ne.

Daga nan sai ya tunatar da cewa da aka kashe Ja'afar a yaƙin Mu'uta, Manzo (S) umarni ya yi a dafa wa iyalansa abinci. Don haka ya yi kira ga waɗanda suka tsira da su riƙa zama tare ko da sau ɗaya a mako, maza da maza, mata da mata, domin wanda ya kwana a daji shi ya fi fahimtar ɗan'uwansa. Sharuɗɗan su ne: abin da aka faɗa a zaman amana ne, ba a tilasta wa kowa magana, ba a tambayar mace abin da aka yi mata, wanda bai zo ba a bi shi gida. Ya ja kunnen mazaje da kada su saki matansu a kan laifin da ba nasu ba.

A ƙarshe ya roƙi Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sanyaya zukatan waɗanda suka rage, Ya kawo ƙarshen zalunci.